Karkataccen Yatsa

"Iya, ƙofar ma'aikata tana baya," in ji mai gadi.

"Na san ta tun ba a haife ka ba, ɗan nema. Kauce!"

Tsohuwar mai ɗinki ta kutsa falon, inda manyan Paris suka yi cincirindo gaban sabon hoton uwargida. Ita ta ɗinka rigar silikin da ke cikin hoton. Uwargida ba ta zama sai don a zana fuska. 'Yar tsohuwar ce ta sa rigar, ta tsaya wa mai zane wata biyu, kafin tari ya kai ta kushewa. Ko hoto ɗaya ba ta bari ba.

Da kunnenta tsohuwar ta ji uwargida ta ce wa mai zanen, "Ka gyara hannun nan, kada a ce nawa ne."

Tsohuwar ta ɗaga ido ta dubi hoton. Fuska ta uwargida, lu'ulu'u na uwargida. Amma bisa silikin, ga ƙaramin yatsan nan karkatacce, wanda ƙofa ta datse tun yarinyar na rarrafe.

Mai zanen ya matso, ya rage murya. "Na manta ban gyara ba, Iya. Tsufa ne."

Ta damƙe hannunsa gam. "Allah Ya ƙara maka mantuwa."