Birekar da Aka Toshe wa Baki

Malam Sallau, tunda yau ka kama aiki a nan, gara ka ji daga bakina: ba a taɓa cin mutuncin gwani a ƙasar nan kamar yadda aka ci nawa ba. Ni da na ja wa rabin injinan casar shinkafar garin nan wuta, ni da in na shiga layin 'yan kayan lantarki ake tashi a ba ni benci, wai ni aka ɗaure wa murfin bireka, makunnin nan da ke yanke wuta da kansa, da 'yar waya da dalma, aka ce kada in sake taɓawa sai injiniya yana tsaye. Murfin roba fa, wanda ko akuya ta taka sai ya fashe. Abinci ma ya daina shiga, in ban da tuwon dare da ɗan abin da ba a rasa ba da rana. Amma bar wannan. Zauna in ba ka misali, don kai ma wata rana hannunka zai yi ƙaiƙayi.

An yi wani mai gyaran wuta a wani injin casa, kyakkyawa, mai basira, irin wanda ba a samun biyunsa a gari ɗaya. Babbar birekar wurin tana da ɗan akwati a ƙirjinta, bai fi tafin hannu ba, shi ne hankalinta. Aikinsa auna wutar da ke bi ta kowace waya. In injin zai tashi ya ja wuta da yawa, sai ya yi masa uzuri, don ya san tashi da nauyi yake. In jan ya ƙi sauka, sai ya sa bireka ta faɗi tun kebul bai yi zafi ba, ya kunna 'yar fitila mai nuna dalili. In kuwa waya ta haɗu da waya, ko ƙiftawar ido ba ya jira. To, ana tsakiyar kaka, mata masu turara shinkafa sun cika sito da buhuna har bakin ƙofa, kowace ta ɗaure nata da tsumma mai launi don shaida, sai birekar nan ta tsiri faɗuwa. A tayar, a ɗan yi casa, ta faɗi. Matan na zaune a rana, gobe kasuwa, mai injin yana zagaye yana hararar gwani kamar shi ya haifi birekar. Fitila na nuna kaya sun yi yawa, wato a je a duba injin. Da an duba, da an tarar boris, ƙarfen da injin ke juyawa a kansa, shi ne ya fara ci, shi ya sa injin ke ta haɗiyar wuta. Amma kwance injin aikin yini guda ne, gwani kuwa ɗan zamanin fis ne, lokacin da in waya ta tsinke sai a naɗa wadda ta fi ta kauri a ci gaba da harka. Ya ɗaga murfi, ya sa bakin sukundireba, ya murɗa ma'aunin haƙurin akwatin har ƙarshe. Injin ya tashi bai ƙara tsayawa ba. Matan suka yi ta sa masa albarka, shi kuma ya karɓe duka, bai bar wa kowa ko ɗaya ba.

Wajen la'asar hancinsa ya ɗauko warin roba. Ya ce wa ransa taya ake ƙonawa a waje. Warin ya ƙi tafiya. Ya kai bayan hannu kusa da kebul, ya janye ba shiri. Kebul ɗin nan ta cikin rami ya bi, ramin kuma ya ratsa gindin tarin ɓuntun shinkafa da ya jingina da bangon sito, busasshe ƙayau. Kashe injin a lokacin daidai yake da tsayawa gaban mai injin da matan nan ya faɗi abin da ya aikata, sai ya ce bari buhun da ke ciki ya ƙare. Ya ƙare, aka juye wani. Ya tsaya yana kallon bireka, yana roƙonta a zuci ta faɗi don laifin ya zama nata. Ina za ta faɗi, shi ya toshe mata baki. Can ya hango siririn hayaƙi na fitowa daga gindin ɓuntu, ga wata mata da goyo ta shige sito tana neman buhunta. Nan girman kai ya sake shi, ya ruga zai kashe. Kafin ya kai, roba ta narke, waya ta taɓa waya a gabansa, wuta ta yi walƙiya har ta lashe masa gira. Ma'auni na biyu, na gaggawa, wanda Allah ya sa sukundirebansa bai kai gare shi ba, shi ya yanke wutar nan take. Da ƙasa da bokitan ruwa aka kashe ɓuntun, saura taki ɗaya wutar ta kama buhunan. Matar ta fito da ɗanta lafiya. Injin dai ya ƙone, kebul ya tafi, matan suka loda buhunansu a kura suka nufi wani injin, kasuwar da ba su ci ba ke nan.

Kada ka tambaye ni sunan gwanin, ni ba na gulma. Ka dai daina kallon girata, an ce za ta tsiro. To, na ji, hannuna ne ya murɗa, kuma akwatin nan ya yi ta gaya mini gaskiya tun safe. Hausawa sun riga sun gama magana: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.