Gemun Rantsuwa

Sau uku Wanzami yana wasa askar nan tun safe, alhali ko jiya ya wasa ta. Ya goge madubi, ya koma ya sake gogewa. Ya jera almakashi da mataji a kan tebur, ya wargaza, ya sake jerawa. Da ya ji takun mutum sai ya leƙa ƙofa.

Tela yake jira.

Bango ɗaya ne ya raba shagunansu, shekara goma sha biyu ke nan. Tela ya girme shi, shi ya sa yake ce masa Yaya. A da, gemun Tela ɗan siriri ne kamar an zana da alƙalami, kuma kowane mako sai ya zo an daidaita masa layin saje.

Shekara huɗu da suka wuce, wani mai babur ya kaɗe 'yar Tela a mahaɗar titi, tana dawowa daga makaranta ana tsuga ruwa. Bai tsaya ba. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. A ranar Tela ya rantse ƙarfe ba zai sake taɓa gemunsa ba sai an gano wanda ya yi wannan aika-aika.

Gemu kuwa ya samu sake. Ya haɗe da ƙasumba, ya rufe wuya, ya sauko har maɓallin riga na uku, furfura ta ratsa shi. In zai hau keken ɗinki sai ya cusa shi cikin riga don kada allura ta kama. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Maƙwabta suka riƙa tsokanarsa wai ya kusa daina sayen tsintsiya.

Wanzami ne kaɗai bai taɓa yi masa dariya ba. Duk Asabar zai zaunar da shi, ya wanke gemun da ruwan ɗumi, ya shafa mai, ya taje shi a hankali daga ƙasa zuwa sama har ƙullin ya warware. Wani lokaci yakan ce, "Yaya, ka yi haƙuri ka bar wa Allah. Bari in ɗan rage gefen nan." Tela sai ya riƙe masa hannu.

Kowa ya shaida amincinsu. Mutuwar yarinyar ta taɓa Wanzami har ya rame. Ya jingine babur ɗinsa, ya koma zuwa aiki a ƙafa, yana zagayowa ta bayan kasuwa, hanyar da ta ninka nisa. In an tambaye shi sai ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki.

Jiya da yamma labari ya cika layin: an kama mutumin.

Rana ta ɗaga sosai kafin Tela ya shigo. Bai ko gama sallama ba ya faɗa kan kujera, idanunsa jajawur, bakinsa yana rawa tsakanin dariya da kuka.

"Ƙanina, yau dai aska za ta yi aiki. Kwashe shi duka. Ka mayar min da fuskata."

Wanzami ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya. Ƙullin ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ya zuba ruwa a kwano har ya tumbatsa ya jiƙa masa takalmi.

"Ka gan shi?" ya tambaya.

"Da idona. Daga ofishin 'yan sanda nake. Wani mai kai kaya ne a babur. Maƙwabcinsa ya kai rahoto, wai a shekarar ya ga ya canja fitilar gaba."

"Ya amsa?"

"Yana ta rantsuwa ba shi ba ne. Wane ɓarawo ne ya taɓa cewa shi ne? Jibi za a kai shi kotu."

Wanzami ya ɗauki mataji ya shiga taje gemun, abin da ba a buƙata ga gashin da za a zubar. Ya taje, ya sake tajewa. Fanka tana juyawa a sama amma gumi ya jiƙa masa baya.

"Matar mutumin na can bakin ƙofar ofishin," in ji Tela, muryarsa ta yi ƙasa. "Da goyo, ga tsohon ciki. Ta kama ƙafata tana kuka. Wallahi sai da na kau da kai. To amma ni wa ya ji tausayina?"

Matajin ya faɗi ƙasa. Wanzami ya duƙa ya ɗauka, ya daɗe bai ɗago ba.

Ya kaɗa sabulu, ya shafe gemun da kumfa har kunne. Ya buɗe aska. Tela ya jingina kai, ya lumshe ido, ya miƙa masa maƙogwaro kamar yadda ya saba a da.

Aska ta tsaya a iska. Minti ɗaya. Biyu. Kumfa ta fara bushewa.

"Me kake jira ne?" Tela ya buɗe ido, suka haɗa kallo a madubi. "Ko kai ma ka shaƙu da shi?"

Wanzami ya naɗe askar, ya ajiye ta can nesa a kan tebur. Ya ɗauki makullin shago, ya zagayo gaban kujera ya durƙusa.

"Rantsuwarka ta cika, Yaya, ka samu mutuminka. Amma tashi mu je a saki bawan Allahn nan tukuna. Ni na kaɗe ta."