Muryar Indo a Cikin Waya

A zamanin da mamata ke barin muryarsu a waya, kullum da safe Inna Tasalla sai ta gaisa da marigayiya 'yarta Indo. Ranar da aka sabunta wayoyi, ta yi sallama, shiru.

Ta tafi wurin Jatau mai gyaran waya.

"Inna, wanda ya rubuta manhajar da ke riƙe da muryar nan ganganci ya yi. Ya ɗebo fayiloli daga zuciyar babbar manhajar wayar, alhali an hana su, don kullum canzawa suke. Yanzu ƙofar ta toshe."

"Ta sake mutuwa ke nan?"

"Tana ciki. Buɗewa ce ba za ta yiwu ba."

Ta goge fuskar wayar da bakin mayafinta.

"To sa mini caji, ɗana. Indo ba ta son duhu."