Yatsana a Bakin Tarwaɗa

Rani ya shanye rafin Mayo Bani, saura kududdufi ɗaya a bayan gonar Goggo, yayar babana. Yayyena maza sun gama lalube a taɓo ba su kama komai ba, sai suka dawo kaina da tsokana, wai tarwaɗa za ta gutsure min yatsa.

Goggo ta gyara ɗaurin zani, ta ja ni cikin ruwan har gwiwa. Har yau ina jin ƙarnin taɓon nan.

"Tarwaɗa ba ta cizo, 'yata, zuƙa take yi," in ji ta. "Haƙoranta ƙanana ne kamar magogin kuɓewa, kuma duk ciki suke kallo. In kin ja hannu za ta kankare ki. Tura ciki."

Na zura hannu ƙarƙashin wata saiwa. Gashin bakin tarwaɗa ya shafe ni, kafin in ankara babban yatsana ya shige wani wuri mai kaushi. Zuciyata ta ce in fizge. Na runtse ido na tura, na damƙe muƙamuƙin ƙasa, na ɗago ta tana dukan ƙirjina da jela.

Goggo ta rangaɗa guɗa. "Wa ya kama?"

"Ita ce," yayyena suka ce ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba!"

A gidanmu kan kifi na babban ɗa ne. Ran nan a kwanona ya sauka. Na girma, na ci kifi iri-iri, amma ban sake cin kai mai daɗin wannan ba.