Tarin Babur Mai Ƙafa Huɗu

Auwalu ya sake sauke abin daga bayan a-kori-kurarsa, ya turo shi har bakin rumfar Zaharaddeen bakanike a Ƙofar Wambai, ya share zufa.

"Sun ce har yanzu yana zafi. Kuma yana tari in ana hawan tudu."

Babur ne mai ƙafa huɗu, ja, tayoyinsa kamar na 'yar tarakta. Wani ya taɓa buɗe injin ya ƙara masa girma, ya ɗaura masa salansa mai kururuwa, amma ya bar kafiretar, mai haɗa mai da iska, yadda ta zo daga kamfani. Can Yusufari ake sukuwa da shi a kan tuddan rairayi. Auwalu ɗan kawun Zaharaddeen ne, yana safarar dabino da kanwa ta wannan hanya. Shi ne ma ke kai Hajiya Turai, mahaifiyar Zaharaddeen, wajen ƙanwarta a can Yusufari in ciwon gwiwa ya taso mata, ta binne ƙafafunta a rairayi mai zafi ta dawo garau. In aka tambaye shi mai babur kuwa, sai ya ce manya ne, ba sa son a ambaci sunansu.

Zaharaddeen ya daɗe da zana mutumin a ransa. An ƙara wa kujerar soso, tana ƙamshin man zafi, ga ƙugiyar rataye buta a jikin hannun babur ɗin. Wani attajiri ne mai ciwon baya da taurin kai, wanda 'ya'yansa suka gaji da yi masa magana.

Ya yi duk abin da ya sani. Ya wanke lagireto, ya fitar da rairayin da ya isa a yi wa ɗaki daɓe. Ya gyara wayar fanka. Ya ciro filogi ya gan shi fari fat, alamar iska ta fi mai yawa, saboda haka ya sa babban jet, wato ƙofar da mai ke bi in an ba da wuta sosai. Babur ya tafi ya dawo. Ya sa jet ɗin da ya fi wancan girma. Ga shi ya kuma dawowa, har masu sayar da zare na layin sun fara tambayarsa ko babur ɗin ma jinya yake zuwa.

Abin da ya rage a hau a ji da kunne, nan kuma gizo yake saƙar... sai dai Zaharaddeen ba ya hawa. Tun yana saurayi, ranar da acaɓa ta wurga shi cikin kwata a Koki ta karya masa kafaɗa, Hajiya ta tsaya a kansa a gadon asibiti ta ce in ya sake hawa babur ba ta yafe ba. Ya zama bakaniken da ke gyara babur ya miƙa wa mai shi ya ce, "Zaga ka faɗa mini." Mutumin da ke da mata da 'ya'ya, da furfura a gemu, a ƙafa yake zuwa aiki.

Bayan azahar ya tare liman Malam Mustafa, ya tambaye shi, wai a madadin wani abokinsa, ko abu mai ƙafa huɗu yana shiga hukuncin babur.

"In an sake shi yana faɗuwa?"

"A'a, Malam."

"To, ya fi kusa da jaki."

Washegari Zaharaddeen ya sa Auwalu ya kai shi da babur ɗin bakin kogin Chalawa, inda tifofi ke jibge yashin gini. Auwalu ya yi ta roƙonsa ya bari, har da cewa in labari ya kai gida shi za a fara yankawa. Zaharaddeen ya naɗe ƙafar wando, ya yi bismilla, ya hau.

Babur ya haye tulin yashi kamar an kira shi. Babu tari, babu shaƙewa, injin na ruri lafiya lau. Daga can sama Zaharaddeen ya hango kogi, ya ji iska na kaɗa masa riga, ya tuna shekarun da ya yi yana taka sayyada, har ƙwalla ta zo masa. Sai ya dubi gangaren. Tsoro ya kama shi, maimakon ya saki totur sai ya danne shi iya ƙarfinsa. Babur ya yi gabas, shi ya yi arewa, salansa ta yi masa sallama a ƙwauri.

Da la'asar ya shiga gidansu na Koki yana ɗingishi, Auwalu ya maƙale a zaure ya ce zai gyara takalminsa. Hajiya Turai na kan tabarma tana warware zare. Ta dubi ƙunar, ta dubi yashin da ke zubowa daga kunnensa. 

Ya durƙusa. Ya rantse babur ɗin ƙafa huɗu gare shi. Ya kawo fatawar jaki. Da ya ga fuskarta ba ta motsa ba, sai ya juye laifin kan wanda ba ya nan.

"Wallahi Hajiya, sunana ne ke neman ɓaci a kasuwa. Na hau da kaina, lafiyarsa ƙalau, ko tari ɗaya bai yi ba. Mai shi ne kawai bai iya tuƙi ba. Wani tsoho ne da ya kamata ya zauna a gida ya riƙe carbi."

Hajiya ta ajiye zaren a hankali. Ta leƙa wajen zaure, inda ake jin takun takalmi yana nisa da sauri.

"Auwalu bai taɓa iya kai saƙo ba," ta ce. "Ce masa na yi wajen gangarowa yake mini tari, ba wajen hawa ba."