Zuciyar Rahmatu

Sai da nas Rifkatu ta sake kiran "Rahmatu Mahmudu" da ƙarfi, sannan Bamalli ya taɓa gwiwar tsohuwar da ke zaune kusa da shi a benci. Ta miƙe tana gyara hijabi.

Ƙari ne a ciki. Likitan fiɗa ya gan shi tun watan jiya, ya ce sai an cire. Amma a asibitin nan na Suleja ba a shiga da tsoho ɗakin tiyata sai likitan da ke sa barci ya duba shi ya yarda. Shi ne Dakta Ambrose, mutum mai yawan tambaya, Hausarsa a karkace amma ana gane ta.

"Mama, ki faɗa mini gaskiya," in ji shi. "Maganin barcin nan ba wasa ba ne. In zuciya ba ta da ƙarfi, mutum ya kwanta ke nan, ba zai tashi ba."

Ta ce ta ji.

Ya tambaye ta ko tana haki in ta yi tafiya, ko ƙafafunta suna kumbura, ko numfashinta yana sarƙewa in ta kwanta rigingine. Duk ta ce babu. Da ya tambayi magungunan da take sha, Bamalli ya riga ta: ba ta shan komai sai na ciwon jiki. Da ya ce ta nuna inda ke mata ciwo, ta kalli Bamalli, sannan ta dafa gefen dama. Cikin ba aikinsa ba ne, na likitan fiɗa ne, don haka bai taɓa shi ba.

Aka auna hawan jininta, aka ɗebi jini, aka manna mata wayoyi a ƙirji. Rifkatu ta raka ta matakalar bene. Ta hau, ta sauko, ko bango ba ta dafa ba.

"Da duk tsofaffina haka suke, da na huta," in ji likita yana dariya. Ya amince a yi aikin ranar Litinin.

Bamalli ya yi ta godiya. Rifkatu ta bi shi da kallo, ta ce irin waɗannan 'ya'yan sun yi ƙaranci, mutum ya bar aikinsa a Abuja don uwarsa.

A cikin keke napep, kan hanyar Iku, ya kira dillalin haya. "Ka ce wa mutumin Kanon nan ya ƙara haƙuri kaɗan. Babban ɗakin ya kusa samuwa." Tsohuwar ta ji. Ta juya tana kallon masu sayar da doya.

Da suka isa gida, Bamalli ya tsaya a zaure, ya ce ba ya son warin babban ɗakin. Ita kaɗai ta shiga. Ta ture fo ɗin fitsari da ta gaji da zubarwa kullum, ta matsa kusa da gado. Matar da ke kai a jingine take da filo, ƙafafu a kumbure kamar turmi, leɓe ya yi baƙi, tana jan numfashi da ƙyar.

Zuwaira, wadda ta amsa sunan Rahmatu a asibiti, ta cire hijabin yayarta da ta sa, ta rataye shi a ƙusa, ta sunkuya kusa da kunnenta ta ce, "Albishirinki, Yaya Rahmatu, likita ya ce zuciyarki ƙalau take, Litinin za a yi miki aikin."