Baƙin da Ke Ƙarewa

Duk cikin launukan sabon akwatin hodar idonta, baƙin ne kaɗai ke ƙarewa, ita kuwa ba ta taɓa shafa shi ba.

"Wallahi ba ni ba ce, Yaya," in ji ƙanwarta.

"To, aljanu ne ke nan!"

Washegari da safe ta lafta wa fuskarta haɗin zuma da madara, ta kwanta lamo tana jiran ɓarauniya. Ƙofa ta motsa. Ta buɗe ido ɗaya.

Babansu ne ya shigo da sanɗa cikin kayan aiki. Ya tsaya gaban madubi yana shafa wa gemunsa baƙin a hankali. Sai ta tuna: a wurin aikinsa, masu furfura ake fara sallama.

Ta rufe idon, har da minsharin ƙarya.